Tiyon da Ke Gaya wa Matuƙi Gaskiya: Daga Kogin Faris Zuwa Kaduna da Bici

A watan Oktoba na 2007 kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya baza labarin wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, mai shekara 24, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a Kano. Da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic ya yi shi, da kujerun wata motar, da ƙarafan da ya tsinto nan da can. Jirgin ya ɗaga sama sau da dama, amma bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Jaridu suka yi ta yayata injin, da fentin ruwan ɗorawa, da ƙorafin cewa hukuma ba ta waiwaye shi ba. Akwai kuma wata magana da shi maƙerin ya faɗa da bakinsa, wadda kusan kowa ya tsallake: jirginsa ba shi da na'urorin auna matsin iska da nisan da ya yi daga ƙasa.

A ganina wannan maganar ita ce zuciyar labarin. Wanda zai tashi ƙafa bakwai idonsa ya ishe shi. Wanda zai tashi ƙafa dubu bakwai a cikin hazon Janairu, inda sama da ƙasa suke zama launi guda, ba shi da ido sai allurai uku da ke gabansa: mai nuna gudu, mai nuna nisa daga ƙasa, da mai nuna saurin hawa ko sauka. Dukkan ukun kuwa ba injin ke ciyar da su ba, ba kuma lantarki ba. Iska ce, wadda take isowa ta cikin wasu siraran tiyo da kaurinsu bai fi na fensir ba.

Asalin dabarar ba a sama aka samo ta ba, a ruwa ne. A 1732 wani injiniya Bafaranshe, Henri Pitot, ya so sanin saurin kogin Sen da ya ratsa birnin Faris. Sai ya lanƙwasa bututun gilashi, ya tsoma shi bakinsa na fuskantar inda ruwan ke fitowa, ya ga ruwa ya hau cikin bututun ya ɗara saman kogin. Gwargwadon ƙarfin gudun, gwargwadon hawan. Ya ajiye wani bututun miƙaƙƙe a gefensa, wanda gudun bai dame shi ba, ya riƙa auna ratar da ke tsakanin biyun. Da wannan ya rushe abin da masanan zamaninsa suka ɗauka, cewa ruwan kogi ya fi gudu a can ƙasa. Bayan fiye da ƙarni guda, a 1858, wani Bafaranshen, Henry Darcy, ya gyara na'urar ta zama abar dogaro. Har yau sunan Pitot bututun yake amsawa, kuma duk jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, komai girmansa, yana ɗauke da jikokin wancan gilashin a jikinsa.

A jirgin sama aikin bai sauya ba. Bututu ɗaya yana fuskantar gaba, iska na dukan bakinsa. Sannan akwai 'yar huda a gefen gangar jikin jirgin, inda iska ke wucewa ba tare da ta tura ciki ba, wadda ke ɗauko matsin iskar wurin yadda yake. Ma'aunin nisa da ma'aunin hawa da sauka daga hudar gefe kaɗai suke sha, domin iska tana raguwar nauyi yayin da ake hawa. Ma'aunin gudu kuwa daga duka biyun yake sha, ya cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne gudun.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ƙanƙantar abin da ake aunawa. Nauyin iskar da ke kanmu a bakin teku daidai yake da na ruwa mai zurfin kimanin mita 10. Amma jirgin da ke gudun kilomita 185 a sa'a, ƙarin matsin da ke shiga bututunsa na gaba bai wuce na ruwa mai tsayin santimita 16 ba. In ya rage gudu zuwa kilomita 110 don sauka, abin ya koma kamar santimita 6. Ta ɓangaren nisa kuma, duk hawan mita 8 yana rage matsin da bai fi na santimita ɗaya na ruwa ba. Wato ɗigon ruwan sama da ya taru ya cika santimita ɗaya na tiyo a wurin da tiyon yake tsaye ya isa ya karkatar da ma'aunin nisa da mita 8, ya kuma ci kashi ɗaya cikin shida na matsin da ma'aunin gudu ke dogara da shi a lokacin sauka. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Yadda jirgi ya zo mana

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano sun iso ranar 1 ga Nuwamba 1925. Uku ne, ƙirar DH.9A, na rundunar sojin saman Ingila, sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Zamanin Sarkin Kano Usman ke nan. Shekara guda bayan haka Abdullahi Bayero, wanda ya yi hakimcin Bici yana Ciroman Kano, ya hau gadon sarauta, kuma a zamaninsa ne jirgi ya tashi daga abin kallo ya zama abin hawa. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, kafin ƙarshen shekarar ya miƙa har Legas.

Jiragen 1925 na katako ne da zane, matuƙi a waje iska na dukansa, kuma ƙasa yake kallo don sanin hanya. Sai a 1928 Paul Kollsman ya ƙera ma'aunin nisa mai kaifin da za a iya amince masa, sannan ranar 24 ga Satumba 1929 Jimmy Doolittle ya tashi ya sauka a Amurka cikin rufaffen ɗakin tuƙi, ba ya ganin komai sai allurai. Daga ranar nan rayuwar matuƙi ta rataya a kan gaskiyar abin da tiyo ya kawo masa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo wani abin da ba a cika tunawa da shi ba. Da hanyar Bahar Rum ta yi wuya, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami, su ratsa Sudan har Masar. An fara a Satumban 1940, kuma jiragen da suka bi wannan hanya sun haura 5,000. Duk wanda ya zo a akwati a cikinsu sai da wani makaniki ya ɗaura fiffikensa, ya haɗa bututunsa, ya gwada ko yana yoyo, a cikin gumin bakin teku, kafin jirgin ya shiga ƙurar Arewa. Jirgin da aka harhaɗa daga akwati, ke nan, ba baƙo ba ne a sararin Kano. Sai dai ilmin harhaɗawar ya zo da sojoji, ya kuma koma da su. Ba a kafa makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya ba sai a 1964.

Jirgin gareji da ya shiga soja

A wancan gefen duniya wata al'ada daban ce ta tsiro, ta mutum ya ƙera jirginsa a gida. Wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya fitar da littafi a 1934 yana koya wa duk mai iya riƙe zarto yadda zai yi ɗan ƙaramin jirgi. Ɗaruruwan mutane suka duƙufa, wasu suka tashi, wasu kuma suka mutu saboda wani aibi da ke cikin tsarin fiffiken, har aka dakatar da shi a Faransa da Ingila. Darasin ya shiga. Ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida da Paul Poberezny ya kafa a Amurka a 1953 ta ginu ne a kan duba aikin juna, kuma dokar ƙasar ta yarda mutum ya tashi da jirgin da ya yi fiye da rabin aikinsa da hannunsa, bayan jami'i ya duba shi, ya kuma yi sa'o'in gwaji nesa da gari.

A cikin wannan al'ada Richard VanGrunsven na jihar Oregon ya yi fice. Kamfaninsa, Van's Aircraft, yana sayar da jirgi ne a matsayin falle-fallen alminiyam da ƙusoshi da takardun zane, mai saye ya haɗa a garejinsa cikin shekaru. Jiragensa da aka kammala suka tashi sun wuce 10,000. A 1986 ya fito da RV-6, mai kujera biyu gefe da gefe, daga baya kuma RV-6A mai taya a hanci.

Nan labarin ya dawo gida. A ƙarshen shekarun 1980 Rundunar Sojin Saman Nijeriya tana neman abin da zai maye gurbin tsofaffin jiragenta na koyo ƙirar Bulldog, kuɗin waje kuma ya yi ƙaranci. Sai aka zaɓi RV-6A, aka yi masa gyare-gyare, aka raɗa masa suna Air Beetle, kamfanin AIEP da ke Kaduna ya harhaɗa guda 60. Shekaru masu yawa matasan hafsoshi a Kaduna da wannan jirgin suka fara sanin sama, kafin a sayo Super Mushshak daga Pakistan daga 2016. Ana yawan kiransa jirgin farko da aka ƙera a Nijeriya, wasu kuma su yi masa dariya su ce ai haɗawa kawai aka yi. Duka ɓangarorin sun kauce. Zanen ba namu ba ne, gaskiya ne. Amma wanda ya ɗauka haɗawa ƙaramin aiki ne bai taɓa tsayawa a kan fiffike buɗaɗɗe da tiyo a hannu yana tunanin ta ina zai bi da shi ba.

Bari mu bi tiyon. A tsarin Van's na asali, bututun gaba ɗan bututun alminiyam ne da aka lanƙwasa a ƙarƙashin fiffiken hagu, nesa da guguwar farfela. Daga nan tiyo mai kaurin rubu'in inci zai ratsa haƙarƙarin fiffiken ɗaya bayan ɗaya har ya shiga gangar jiki. Kowane haƙarƙari falle ne na ƙarfe mai kaifin baki, jirgi kuma ba ya daina karkarwa muddin injin na aiki. Tiyon da aka zura ta huda tsirara zai yi ta gogayya, sa'a ɗari, sa'a ɗari biyu, har ranar da zai huje a wurin da ba mai gani. Shi ya sa kowace huda sai an sa mata zoben roba, kuma duk inda tiyon ya yi doguwar tafiya sai an kama shi da maɗauri mai shimfiɗar roba a ciki. Kamun ma da iyakarsa: a sassauta ya yi lilo, a matse ya shaƙe. Ba a barinsa kusa da wayoyi da sandunan da ke juya fiffike da jela, domin tiyon da ya saƙale a cikinsu ya fi tiyon da ya huje sharri. Ba a kai shi kusa da salansa ko wani abu mai zafi. Ba a lanƙwasa shi da gaggawa, domin roba in ta karye a kwana ba ta komawa daidai. A bayan allon matuƙi kuma ana barin ɗan rara, don ranar da za a zaro na'ura kada a fizge mahaɗi.

Hudar gefe ta fi ban sha'awa. A jiragen Van's ƙusar ribiti ce kawai da aka fitar wa da tsinken tsakiya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can wajen jela. Dalilin yin biyu shi ne in jirgi ya ɗan karkace, iska za ta tura a gefe guda ta ja a ɗayan, haɗa su sai ya daidaita kuskuren. Daga kowace huda kuwa tiyon sama yake fara yi kafin ya nufi gaba, don ruwan da ya shiga ya komo ta inda ya shigo. Ƙa'idar duka aikin ita ce kada a bar kwari a tsakiyar hanya inda ruwa zai kwanta. In kwarin ya zama dole, a sa masa mafita a gindinsa. Duk wanda ya taɓa sa indararo ya san wannan hankalin.

In aka yi sake, ƙaryar da allurai ke yi tana da tsari, kuma tsarin ne ke kisa. Hudar gefe in ta toshe, ma'aunin nisa zai tsaya cik, ma'aunin gudu ya riƙa rage gaskiya a hawa, ya ƙara mata a sauka. Bututun gaba in ya toshe gaba ɗaya, ma'aunin gudu sai ya rikiɗe ya zama ma'aunin nisa: jirgi na hawa, allura na cewa gudu na ƙaruwa, alhali raguwa yake yi. In kuma tiyon gefe ya huje a cikin ɗakin tuƙi, inda matsin iska yakan ɗan gaza na waje, matuƙi zai ga gudu da nisa fiye da waɗanda yake da su, a daidai lokacin da yake dab da ƙasa.

Zanzaro

Ranar 6 ga Fabrairu 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya tashi da dare daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, ya faɗa teku bayan 'yan mintoci, mutum 189 suka rasu. Bututun gaba na ɓangaren kyaftin a toshe yake. Yana hawa allurarsa na nuna gudu ya yi yawa, aka rage wuta aka ɗaga hanci, har fiffike ya daina ɗaukar jirgin. Ba a samo bututun daga teku ba, amma masu bincike sun fi zargin wani ƙwaro mai gina ɗakin laka, domin jirgin ya yi makonni a ajiye ba a rufe bakin bututun ba. A watan Oktoban shekarar wani 757 na Aeroperú ya faɗa teku kusa da Lima da mutum 70, saboda an manta da salatif ɗin da aka liƙa a kan hudojin gefe lokacin wanke jirgin. Na Air France da ya faɗa Tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, ƙanƙara ce ta fara toshe masa bututu.

Ƙanƙara ba ta cika damun ƙaramin jirgi a sararinmu ba. Ƙwaron nan kuwa ɗan gida ne. Zanzaro ne, mai siririn ƙugun da ya ba mu sunan cusa riga a wando, shi da danginsa masu neman rami su cika da laka. Duk wanda ya girma a ƙasar Bici ya san aikinsu: ɗakin laka a kusurwar soro, a bayan hoto, a cikin bakin buta, a ramin makulli, a salansar babur ɗin da aka jingine kwana biyu. Ga ƙasa mai gonaki a jere da rijiyoyi da kududdufai, laka ba ta yanke musu da damina. Da rani kuma ƙurar hunturu ta karɓi aiki, ta shige kowace huda, ta jira raɓa ko ruwan farko ta dunƙule. Tsakanin su biyun akwai zafin bazara da ke busar da roba har ta tsage a bakin mahaɗi. Littattafan ƙera jirgi a gida an rubuta su ne don Oregon da Wiskonsin, inda babban abin tsoro shi ne ruwa ya daskare a cikin tiyo. Wanda zai yi aikin a nan sai ya sake jera abokan gabarsa.

Ina ganin a nan ne muke yin kuskuren lissafi game da masu ƙere-ƙerenmu. Kusan kowace shekara sai an nuna wani matashi a Arewa da ya haɗa jirgi ko wani abu mai kama da shi, a yi ta tafi, a zagi gwamnati, a manta. Tambayar da ake yi kullum ita ce: ya tashi? Ba a tambayar da me zai san gudunsa. Masu walda da makanikai na garuruwa irin su Bici ba su rasa hannu ba. Wanda ya ga yadda ake tayar da injin ban-ruwa da ya mutu, ko a mayar da tsohuwar mota ta ɗauki buhun gero, ba zai yi shakkar haka ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne al'adar awo da rubutawa, da wani na biyu da zai duba aikin ya ce a kwance a sake. Garin kuwa yana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, inda ake horar da malaman da za su koyar da aikin ƙarfe da na lantarki da na mota. Zariya, mai horar da injiniyoyin gyaran jirgi, tafiyar 'yan sa'o'i ce. Kayan haɗa waɗannan biyun ba tsada gare su ba.

Hujjata ita ce gwajin kansa. Ƙa'idar Amurka ga ƙaramin jirgi ita ce a toshe hudojin gefe, a zuƙe iska a hankali har ma'aunin nisa ya nuna ƙarin ƙafa 1,000, a rufe, a jira minti ɗaya. In allura ta sauko fiye da ƙafa 100, akwai yoyo, sai a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da zai yi tafiya cikin gajimare ana maimaita masa binciken wannan tsarin duk wata 24. Ma'aunin gudu kuwa masu ƙera jirgi a gida da ruwa suke gwada shi: farin tiyo a lanƙwasa shi kamar ƙugiya, a zuba ruwa, a haɗa baki ɗaya da bututun gaba, a ɗaga ɗayan a hankali har ratar ruwan ta kai santimita 16, a duba ko allura ta tsaya kusa da kilomita 185. A hankali fa, domin fatar ƙarfen da ke cikin na'urar ba ta jure hurawa da baki. Wannan farin tiyon shi ne wanda maginanmu ke ja daga kusurwa zuwa kusurwa suna daidaita harsashin gini, kuma shi ne gilashin Pitot na 1732, sai dai an juya masa aiki.

Maganin zanzaro kuma bai wuce murfi ba, a rufe bakin bututu duk lokacin da jirgi ya tsaya. Amma murfin ma yana da nasa tarkon. A filin jirgin Brisben na Ostareliya, inda wani ƙwaro mai irin wannan ɗabi'a ya addabi jirage, an saba rufe bututu ko da tsayawar ta sa'a biyu ce. Ranar 18 ga Yuli 2018 wani Airbus A330 na kamfanin Malaysia Airlines ya tashi daga can da murafensa uku a jiki, ba wanda ya cire. Matuƙan sun yi ta fama ba su da ma'aunin gudu ko ɗaya mai aiki, suka juyo suka sauka lafiya. Shi ya sa ake ɗaura wa murfin dogon jan ƙyalle mai kaɗawa a iska, kuma a ƙananan jirage matuƙa da yawa ba sa tayar da injin sai sun ga murfin a hannunsu, sun ajiye shi a inda ido zai faɗa kansa daga kujera.